Jarkar Alhaji Barau

Tun da aka kafa dokar alkawari, duk attajirin da ya ce zai yi wa jama'a abu, shi ma ba zai same shi a gidansa ba sai ya cika. Alhaji Barau ya yi wa ƙauyenmu alkawarin rijiyar burtsatse, aka haƙa rabi aka tsaya. Sai famfunan gidansa suka ƙafe.

Yau da safe na raka kakata Tabawa zuwa tsohuwar rijiya, muka tarar da shi a layi, da babbar riga da jarka.

"Barau, ba haka ake jefa guga ba," in ji Kaka. "Kawo nan."

Ya miƙa mata. Igiya duk ta saɓule masa tafin hannu.

"Iya, Laraba masu haƙa za su dawo."

"Bara ma Laraba ka ce."

Ta tace masa ruwan, jajir da shi, da gefen mayafinta, ta zuba rabin jarka ta tsaya.

"Iya, ai ba ta cika ba."

"Iyakar inda ka haƙa ke nan."

Ya yi dariya. Kaka ta naɗa masa gammo. Kafin ya ɗauka, ya ciro waya ya kira masu haƙa.

"Ba Laraba ba," ya ce. "Yau."