Ajiyar da Kunya Ta Cinye

Ku 'yan matan yanzu kun iya ƙulla abu, ba ku iya tsayawa a kansa ba. Ku aikata da ƙarfin hali, ranar faɗa kuma bakinku ya mutu. To ku buɗe kunne.

Wata malamar makaranta ce ta kai shekara talatin da uku miji bai samu ba. Ta ji ana cewa ƙwan haihuwar mace raguwa yake da shekaru, kuma akwai asibitin da ke cire shi a ajiye cikin sanyi har ranar buƙata. Ta tafi ita kaɗai, ta sha allurai, aka cire mata goma sha ɗaya. Ko ya halatta ko bai halatta ba, wannan na malamai ne, ita kuwa ba ta tambayi kowa ba, ko uwar da ta haife ta. Likita ta ba ta takarda ta sa hannu: duk shekara za a kira ta ta sabunta yardarta, in aka yi shekara uku ba amsa za a zubar, ranar amfani kuma sai ta zo da mijinta. Ta cusa takardar a ƙasan akwati, lambar asibitin ta sa mata suna "mai ɗinki" a waya.

Tana da talatin da takwas Allah ya kawo miji, wani mai sayar da taki, mutum mai sanyin hali. Shekara ta zagayo ba ciki. Kullum ta ajiye masa abinci da niyyar yau za ta faɗa, sai ta tuna zai tambayi abin da ya kai budurwa ɗakin masu neman haihuwa, maganar ta koma ciki. Wata rana wayar ta yi ƙara a hannun ƙanwarsa, ta ce mai ɗinki na kira. Washegari malamar ta karya layin ta jefa a masai. Surukarta kuwa, tsohuwa mai ciwon gwiwa, ta dinga hawa mota ƙauye-ƙauye tana kawo saiwoyi, ɗanta yana shan ɗaci yana cewa wataƙila daga gare shi ne. Malamar ce ke tafasa masa, ita ke miƙa masa ƙoƙon, idonta a ƙasa.

Sai a shekara ta shida da aure, da al'adarta ta fara tsallake wata, ta durƙusa ta faɗa wa mijin. Bai ɗaga murya ba, hularsa ya ɗauka ya ce ta tashi su je. A asibiti aka nuna mata sau nawa aka nemi layin da ta karya, aka nuna mata sa hannunta. An zubar tun bara. Aka duba ta, aka ce babu sauran abin cirewa.

A hanya abu ɗaya ya ce: "Da kin gaya mini tun farko, ai da ni zan riƙe miki jaka." Bai sake ta ba, bai zage ta ba, amma ya ce ita da bakinta za ta gaya wa mahaifiyarsa. Ta tarar da tsohuwar tana shanya sabuwar saiwa a faifai. Ta durƙusa ta kwashe komai ta faɗa. Tsohuwa ta saurara har ƙarshe, ta ɗauki faifan ta juye a murhu, ta ja gwiwarta ta shige ɗaki.

Ai tun tuni magabata suka faɗa: ranar wanka ba a ɓoyon cibiya.