Ɗakin da Ba Mai So

Dillalin ya gaji da Inna. Tun da ta sauka a ƙasar nan yake yawo da ita gida-gida, don shi kaɗai ta samu mai jin yarenta. Duk ɗakin da ya buɗe sai ta wuce taga kai tsaye, ta leƙa, ta girgiza kai. Famfo ko kicin, ko oho.

"Inna, ɗaki kike nema ko taga?"

"Kusa da ɗana nake so."

Autanta ne, karatu ya kawo shi, kuma saboda shi ta sayar da keken ɗinkinta ta biyo sawu. Mutanen da ta raɓa wurinsu sun fara sauya fuska, sun ce ta nemi wani wuri kafin ƙarshen mako.

Da dabara ta ƙare, dillalin ya hau da ita can ƙololuwar wani tsohon bene. Ɗakin sai warin danshi, bango duk tabo. Wanda ya tashi daga ciki ma fitilun waje ne suka kore shi, don ba a kashe su. Inna ta leƙa, ta riƙe bakin tagar gam.

"Wannan nake so."

Matar da ke da gidan, wadda ta biyo su sama, ta ƙare mata kallo, ta yi magana da yarensu. Dillalin ya fassara: a nan ba a ba baƙo haya sai da mai tsaya masa.

"Ɗan naki ya zo ya sa hannu mana," in ji dillalin.

"Ba zai samu fitowa ba."

"Ko leƙowa? Wane irin ɗa ne wannan?"

Maganar ta ƙona mata rai, amma ta haɗiye. Ta durƙusa a kan gwiwoyinta masu ciwo, ta ce za ta riƙa share benen, ta wanke banɗakuna, komai ma. Mai gidan ta kauda kai tana kaɗa makullai. Wannan amsar Inna ta gane ta ba sai an fassara ba.

"To don Allah a bar ni in ɗan tsaya."

Ƙararrawa ta buga a tsallaken titi. Inna ta cire mayafinta, ta zura shi ta taga tana kaɗawa da iya ƙarfinta, hawaye na bin kumatunta. Can ƙasa, bayan doguwar katanga mai waya a kai, fursunoni suka fito shan iska, ga Auta a cikinsu kansa a sunkuye, bai ma san ta zo ƙasar ba.