Hoton Inna a Cikin Baƙin Gilashi

Shekara guda bayan rasuwar Inna, Baba ya riƙe hannuna munka taka daga Ibohamane zuwa Keita. An ce mai wani annasara ya ɗauki hoton matan da sunka yi aikin jera duwatsu a kan tudu, har da ita, kuma hoton na cikin ordinatar, wato kwamfuta, a biro, ofishin masu aikin. Ni ko na fara mance kamanninta.

Sakataren biron ya danna ordinatar, munka daɗe muna jira. Gilashin baƙi ƙirin, sai rubutu kore layi-layi.

Sakatare ya ce, "Baba, layinmu ba shi da ƙarfi. Wagga hanya rubutu kaɗai take kawowa, ba ta kawo hoto."

"To ina mazaunin hoton?" in ji Baba.

Sakatare ya nuna wasu 'yan baƙaƙe a tsakiya. Baba bai iya boko ba. Ya goge yatsa ga riga, ya ɗora a wurin, ya ce mini, "Ga uwarka nan. Gaishe ta."

Na gaishe ta.

Yau salulata cike take da hotunan banza. Na nemi wancan har na gaji. In na rufe ido don in ga Inna, koren rubutun nan nike gani, da yatsan Baba.