Mai Taya Bushira Aiki

A taron masu jinyar ciwon karkarwa a asibitin Badagishiri, malamar asibiti ta tambayi Bushira wa ke taya ta aiki, tunda mijinta Munkaila ya kwanta.

"Mutum guda. Kullum shina nan, ba shi gajiya."

Sauran mata suka juyo suna kallon ta. Su 'ya'yansu duk sun tafi ci-rani.

Malamar ta biyo ta har ruga don ta ga wannan ɗan albarka.

Munkaila na zaune a inuwa, hannuwansa na ta rawa, goran kaɗa nono a cinyarsa. Bushira ta karɓa, ta leƙa. Man shanu ya haɗu.

"Ga shi nan, malama. Shekara arba'in bai taɓa ɗauke min ko ludayi ba, sai da ciwon ga ya zo."