Bature mai murɗaɗɗen kunne

Kunnuwansa Hajiya Hureira ta fara lura da su. A murɗe suke kamar busasshen tumatir, ga karan hanci a karye, ga baƙin tabarau a cikin inuwa. Yana zaune a mamak, gidan shayin da ke ƙasan benensu a Bukit Jalil, yana riƙe da hannun ɗanta Tajuddeen kamar wanda ya kama ɓarawo.

Ziyara ta kawo ta Kuala Lumpur. Ta tarar yaron da aka turo karatun kwamfuta ya zama ɗan wasan zari-ruga na kwalejinsu. Ranar da ta sauka ya dawo daga atisaye da ƙullutu a goshi, ya yi amai, ya ce abincin rana ne bai karɓe shi ba.

"Wane ne wannan?" ta tambayi Tajuddeen.

"Bastien, Umma. Ya shekara goma sha wani abu yana buga wa manyan kulob a Faransa. Matarsa ce ke aiki a nan."

"Me yake so?"

"Wai kada in buga wasan Asabar."

Ranar Asabar ɗin kuwa masu zaɓen 'yan wasa za su zo kallo. Hureira ta ƙanƙance ido. A Kantin Kwari ta tsufa tana sayar da atamfa, ba ta yi boko ba, amma dillali bai taɓa yi mata sakiyar da ba ruwa ba. Dabararta ɗaya ce: ka yi wa mutum tambaya yau, ka sake yi masa ita gobe.

Ta sa Tajuddeen ya yi tafinta. A wane gari ya yi wasansa na ƙarshe? Baturen ya ambaci wani gari. Washegari ta maimaita, ya ambaci wani daban. Da ta ƙara, sai ya dubi matarsa, matar ta raɗa masa amsa a kunne.

Kullum kuma sai ya miƙe ya gaishe ta kamar yau ya fara ganinta. Sau biyu ya kira Tajuddeen da sunan wani.

"Ko ƙaryar ma bai haddace ba," in ji ta. "Matar ce ke ba shi satar amsa. Wannan akwai yaronsa da yake so a ɗauka, kai ne ka tsone masa ido."

"To in buga?"

"Buga. Na sa maka albarka."

Da safiyar Asabar baturen ya tsaya a ƙofar lif, ya nuna goshinsa da yatsa, ya nuna na Tajuddeen. Hureira ta ture hannun da jakarta suka wuce.

A filin wasa ta zauna kusa da Walida, maƙwabciyarsu mai karatun likita. Sai ga baturen da matarsa sun zauna a bayansu, matar ta sunkuyo tana yi wa Walida magana da sauri, ta miƙo waya.

A wayar, fili ne cike maƙil da mutane, wani ƙato mai murɗaɗɗen kunne yana ɗaga kofi. Shi ne, ko tantama babu. Baturen ya leƙo ta kafaɗar Hureira, ya kalli hoton nasa da murmushi, ya yi wata tambaya.

"Me ya ce?"

Walida ba ta ɗago ba. Can ƙasa alƙalin wasa ya hura usur, Tajuddeen ya sunkuyar da kai ya nufi cikin cunkoso.

"Yana tambaya ne wane ne a hoton, Hajiya. Matarsa ta ce shi ma haka aka buge shi a kai, ya yi amai, ya koma fili ranar Asabar."