Wayar da Ba Caji

Wayar wata mai ɗinki ta mutu tun safe, amma da ta ga ɗan sanda ya danne wuyan wani direba da gwiwa a ƙofar shagonta, sai ta fito a guje ta ɗaga ta sama.

"Ina ɗaukarka, Yallaɓai! Ɗaga shi!"

Ɗan sandan ya miƙe ya nufo ta yana huci. In ya fizge wayar ya ga ba ta ko kawo haske, kashinsu ya bushe, ita da direban.

"Kawo wayar nan, Mama."

"Ba zan bayar ba."

Ya miƙo hannu, sai kuma ya tsaya cak. Ya gyara hula, ya ja da baya, ya faɗa motar 'yan sanda suka bar wurin.

Direban ya taso yana tari, leɓensa na jini. "Allah ya saka da alheri, Mama. Turo min abin da kika ɗauka. Wallahi sai mun haɗu da shi gaban alƙali."

Ta nuna masa wayar. "Ɗana, babu komai a ciki. Ba caji."

"Namu da caji," in ji wani a bayanta.

Ta waiga. Mai aski ne, da mai kanti, da masu jiran mota, kowa da waya a sama.

Mai askin ya sunkuyar da kai. "Tun farko muna tsaye muna kallo, Mama. Sai da kika ɗaga taki hannunmu ya iya tashi."