Sallamar Gambo

A sabuwar doka, bashin haraji yana mutuwa bayan shekara goma, sai in mai bashin ya amsa sallamar na'urar hukuma, lissafi ya koma farko. Shi ya sa mutanen unguwa suka daina amsa sallama sai sun ga fuska.

Yau wa'adin bashin Malam Tanimu tela yake cika. Yana zaune a zaure sai ya jiyo muryar Gambo, matarsa da ta rasu bara.

"Salamu alaikum, Malam."

Ƙanensa Ilu ya dafa shi. "Yaya, na'urar ce ta ari muryarta. Daure zuwa magariba."

"Na sani, Ilu. Na dai gaji. Ban taɓa barin ta tsaye a ƙofa ba."

Ya gyara murya, ya amsa.